Saye ko Haya? Nazari a kan Zaɓen Manhajar Aikin Ofis

Gabatarwa

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da manhajojinsa biyu na aikin ofis, wato Office 2016 da Office 2019. Washegari da aka kunna kwamfutocin da ke ɗauke da su, ba a ga wani sauyi ba: rubutu na buɗewa, lissafi na tafiya, na'urar buga takarda na aikinta. Sai dai daga wannan rana, duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikin waɗannan manhajoji, babu alkawarin za a toshe ta. Mutanen da suka biya kuɗi da zaton sun sayi kaya na har abada, sai suka tarar ashe cinikin yana da wa'adi.

Wannan al'amari ya sake ta da wata tambaya da ke fuskantar shugaban makaranta mai son sa kwamfuta a ofishinsa, da malami mai tattara makin ɗalibai, da ɗalibin da ya samu kwamfutarsa ta farko: shin a biya kuɗin manhaja sau ɗaya a huta, ko kuwa a riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara? Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalin hanyoyin biyu, da abin da mai biya yake samu a kowace, da yadda ake lissafin wadda ta fi sauƙi, sa'an nan ta nuna abin da ya wajaba mutum ya riƙe a hannunsa ko da wace hanya ya bi.

1. Mece ce manhajar aikin ofis?

Kwamfuta tana da sassa biyu. Akwai gangar jiki, wato abin da ake iya taɓawa, kamar allo da madannai da ma'ajiya. Akwai kuma manhaja, wato jerin umurnin da ke gaya wa gangar jikin abin da za ta yi. Manhajar aikin ofis tarin manhajoji ne da suka gaji aikin tafireta da littafin akawu da allon aji. Manyan cikinsu uku ne: ta tsara rubutu, da ta jadawalin lissafi, da ta gabatar da bayani a majigi.

Da farko kowace daban ake sayar da ita. A shekarar 1979 aka fitar da VisiCalc, jadawalin lissafi na farko a ƙananan kwamfutoci, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka ƙirƙira. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, shekarar da Microsoft ya fitar da Word. Excel ta fito a 1985, PowerPoint kuma a 1987. A shekarar 1990 ne aka haɗa ukun nan a ƙunshi ɗaya mai suna Office domin kwamfutoci masu amfani da Windows. A lokacin, mai saye yakan je kanti ya karɓi kwali mai ɗauke da faya-fayai da littafin bayani, ya ɗauko abinsa ya kai gida. Daga nan tunanin cewa manhaja kaya ce da ake mallaka ya zauna a zukatan jama'a.

2. Haya ta girmi saye

Mutane da yawa suna ɗaukar hayar manhaja a matsayin sabon abu, alhali kuwa ita ce tsohuwar hanya. Kamfanin IBM ya daɗe yana ba da injunan lissafinsa haya kawai, har sai da yarjejeniyar da ya cimma da gwamnatin Amurka a gaban kotu a 1956 ta wajabta masa sayar da su ga mai so. Ko a bayan haka, manhaja tana zuwa ne tare da injin, ba a yi mata farashi na daban. A shekarar 1969 IBM ya raba kuɗin manhaja da na inji, wanda hakan ya buɗe ƙofar kasuwar manhaja kamar yadda aka san ta daga baya.

Sayen kwali ya yi tashe daga shekarun 1980 zuwa farkon wannan ƙarni. Da intanet ta yi ƙarfi, sai kamfanoni suka koma gidan jiya. Microsoft ya ƙaddamar da Office 365 ga ma'aikatu a 2011, ya faɗaɗa ta zuwa gidaje a 2013, ya kuma sauya wa ta gidajen suna zuwa Microsoft 365 a 2020. Kamfanin Adobe, mai manhajojin zane da gyaran hoto, ya daina fitar da sababbin manyan manhajojinsa domin saye a 2013, ya koma haya. Dalilin kamfanonin a fili yake. Wanda ya saya zai iya shekara bakwai ko takwas bai sake biyan ko kwabo ba, amma mai haya kuɗinsa na shigowa kowace shekara ba yankewa.

3. Me ake saya a haƙiƙa?

Manomi ya san bambancin gonar saye da ta haya da ta aro da ta jingina. Abin da ake kira sayen manhaja bai yi daidai da ko ɗaya daga cikinsu ba. Manhajar tana nan a matsayin mallakar kamfanin da ya rubuta ta, kuma dokar haƙƙin mallaka ce ke kare ta. Abin da mai biya ya samu shi ne lasisi, wato izinin amfani bisa sharuɗɗan da ya amince da su lokacin da ya danna maɓallin yarda, yawanci ba tare da ya karanta ba.

Kotuna ma sun sha bamban a kan iyakar wannan izini. A 2010, wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar Vernor da kamfanin Autodesk, ta yanke cewa mai riƙe da lasisi ba mamallaki ba ne, don haka ba shi da ikon sayar da manhajar idan sharuɗɗan sun hana. A 2012 kuwa, Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta ce wanda ya biya kuɗin lasisi maras wa'adi yana iya sayar wa wani, muddin ya daina amfani da nasa kwafin.

Idan za a ci gaba da misalin gona, mai saye ya biya kuɗin izinin noma gonar wani har illa ma sha Allahu, amma mai gonar ya yi alkawarin gyara shinge na wasu shekaru ne kawai. Bayan wa'adin, ba mai korar manomin, sai dai duk dabbar da ta keta shinge, shi ta shafa. Abin lura kuma shi ne shekarun gyaran shingen suna raguwa. Office 2016 ta samu shekara goma, Office 2019 ta samu bakwai, Office 2021 ta samu biyar, inda aka sa wa'adinta a Oktoban 2026, haka nan Office 2024 shekara biyar aka yanka mata, zuwa Oktoban 2029.

Mai haya kuwa shingensa na samun gyara muddin yana biya, ana kuma kawo masa sababbin kayan aiki da zarar sun fito. Ranar da ya daina biya, sai a karɓe fartanya.

4. Lissafin kuɗi

Domin a ga yadda lissafin yake, za a yi amfani da farashin Amurka na shekarar 2025, an cike shi zuwa dala mafi kusa. Farashi yana sauyawa, kuma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Office Home 2024, ta saye, dala 150 ce sau ɗaya. Tana ɗauke da Word da Excel da PowerPoint da OneNote, a kwamfuta ɗaya tak, domin amfanin gida. Hayar Microsoft 365 ta mutum ɗaya dala 100 ce a shekara. Ana iya sa ta a kwamfuta da waya da sauran na'urorin mutum, ya yi aiki da guda biyar a lokaci ɗaya, tana kuma zuwa da rumbun ajiya na intanet mai girman terabait 1, wato kimanin gigabait 1,000. Hayar iyali kuwa dala 130 ce a shekara, mutum shida na iya amfani da ita, kowa da nasa rumbun.

Mataki na farko shi ne gano lokacin da kuɗin haya zai kamo kuɗin saye. Ana raba farashin saye da kuɗin hayar shekara: 150 a raba da 100 ya ba da shekara ɗaya da rabi. Ke nan daga wata na 18, mai hayar mutum ɗaya ya fara biyan fiye da mai saye. A shekara biyar zai kashe dala 500, ɗan'uwansa kuwa yana nan a kan 150.

Mataki na biyu shi ne gano kuɗin shekara na gaskiya ga mai saye. Ana raba farashin da adadin shekarun kulawa da suka rage. Wanda ya sayi Office 2024 a Oktoban 2024 yana da shekara biyar a gabansa, don haka kowace shekara ta tsaya masa a dala 30. Wanda ya saye ta a Oktoban 2027 a wannan farashi, shekara biyu suka rage masa, kowace ta tsaya masa a dala 75. Saboda haka ranar saye tana da muhimmanci kamar farashin kansa, tamkar yadda mai sayen magani yake duba ranar da zai lalace.

Mataki na uku shi ne ƙidaya mutane. Gida mai mutum huɗu, kowa da kwamfutarsa, zai kashe dala 600 wajen saye, wato 120 a shekara idan an raba da biyar, ƙasa kaɗan da 130 ta haya. Idan mutanen sun kai biyar, saye ya koma 150 a shekara, haya ta fi sauƙi ke nan. Idan shida ne, saye 180 ne, haya kuwa ta tsaya wa kowane mutum a kimanin dala 22. A nan ya kamata a tuna cewa waɗannan lasisai na gida ne. Makarantu da ma'aikatu suna da nasu tsarin daban, kuma makarantar da ta cika sharuɗɗa tana iya samun wadda ake amfani da ita a kan intanet kyauta.

Akwai wani abu da lissafin dala ba ya nunawa. Ga wanda albashinsa yake a naira, manhajar ƙasar waje tana bin tashi da faɗuwar canji. Kafin watan Yuni na 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Mai saye sau ɗaya yake haɗuwa da kasuwar canji, mai haya kuwa duk shekara sai ya koma.

5. Darasi daga allurar riga-kafi

Wani zai ce, tunda manhaja ba ta ruɓewa kamar tumatir, me zai hana a ci gaba da amfani da ita bayan wa'adi? Ilmin halittu yana da misalin da zai taimaka. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa allurar riga-kafin cutar shawara sau ɗaya ta wadatar tsawon rayuwa. Allurar murar infuluwenza kuwa sai an sabunta ta kowace shekara, domin ƙwayar cutar tana sauya kamanni, shi ya sa hukumar take zama sau biyu a shekara ta zaɓi nau'o'in da za a haɗa allurar da su. Tsaron manhaja irin na mura ne. Bambancin kawai shi ne, manhajar ba ta sauyawa da kanta, masu kutse ne suke ta gano kura-kuran da ke ɓoye a cikinta tun ranar da aka rubuta ta.

Tarihi ya nuna cewa takardun ofis babbar hanya ce ta yaɗa cutar kwamfuta. A watan Maris na 1999, cutar da aka kira Melissa ta bazu ta cikin fayil ɗin Word da ake aikawa ta wasiƙar intanet. Da zarar an buɗe shi, sai ta aika kanta zuwa ga mutum 50 na farko a littafin adireshin mai kwamfutar. A watan Nuwamba na 2017 kuma, Microsoft ya toshe wata kafa a ƙaramar manhajar rubuta alamomin lissafi da ke cikin Office, wadda take nan tun shekarar 2000. Shekara 17 ke nan ƙofar tana buɗe. Bayan an fitar da facin ma, ɓarayi sun ci gaba da shiga ta wannan ƙofa shekaru da dama, saboda kwamfutoci masu yawa ba a sabunta su ba.

A cikin wa'adin kulawa, mai saye da mai haya duka suna samun facin tsaro. Bayan wa'adi ne hanyoyinsu suke rabuwa. Kwamfutar da ba ta hawa intanet, ba a kuma cusa mata filashin kowa, haɗarinta kaɗan ne. Amma wadda take karɓar takardu daga waje kullum, kamar ta ofishin jarrabawa ko ta akawun makaranta, barin ta da manhajar da aka daina kula da ita ganganci ne.

6. Yadda jadawalin lissafi ya sauya sunayen ƙwayoyin gado

Ban da tsaro, haya tana kawo sababbin gyare-gyaren aiki, wanda mai saye ba ya samu sai ya sayi sabon bugu. Wani labari daga fagen nazarin ƙwayoyin gado ya nuna amfanin hakan da kuma iyakarsa.

Masana suna ba ƙwayoyin gado gajerun sunaye na haruffa da lambobi. Daga cikinsu akwai SEPT2 da MARCH1. Idan aka rubuta waɗannan a Excel, sai ta zaci watannin Satumba da Maris ake nufi da Ingilishi, ta mayar da su kwanan wata ba tare da ta tambayi kowa ba. An fara jan hankalin masana a kan wannan tun 2004. A 2016, Mark Ziemann da abokan aikinsa biyu a ƙasar Ostareliya suka bincika maƙalu 3,597 masu ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel, suka tarar da irin wannan kuskure a 704, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wani binciken da ya biyo baya a 2021 ya samu kimanin kashi 30 cikin ɗari. Da abin ya ishi masana, kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya sanar a 2020 cewa ya sauya sunaye 27, inda SEPT1 ya zama SEPTIN1, MARCH1 kuma ya zama MARCHF1. Sai a watan Oktoba na 2023 Microsoft ya sanar da masu hayar manhajarsa hanyar kashe wannan sauyi na kai tsaye.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, gyaran ya fara isa ga masu haya ne. Na biyu, shekara 19 aka yi tsakanin ƙorafi da gyara, don haka biyan kuɗi duk shekara ba ya nufin kamfani zai saurari koken mutum da wuri. Malamin sakandare ma yana gamuwa da irin wannan matsala: ya rubuta maki 3/10 ya ga ya koma kwanan wata, ko ya rubuta lambar waya ko lambar ɗalibi mai farawa da sifiri ya ga sifirin ya ɓace. Maganin ba ya bukatar ko sisi. Kafin a fara rubutu, sai a gaya wa manhajar cewa abin da ke cikin wannan layi rubutu ne, ba adadi ba.

Riƙe tsohon tsari shi ma yana da nasa haɗarin. A ƙarshen Satumba da farkon Oktoban 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta kasa shigar da mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona cikin alkaluman da take fitarwa kullum, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Tsarin da aka fito da shi tun 2007 yana ɗaukar layi 1,048,576. Sakamakon haka aka yi jinkirin neman waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar.

7. Matsalolin haya

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Matsala ta farko ita ce farashi yana hannun mai kaya. A watan Janairu na 2025, Microsoft ya ɗaga hayar mutum ɗaya a Amurka daga dala 70 zuwa 100, ƙarin kusan kashi 43 cikin ɗari, ta iyali kuma daga 100 zuwa 130, bayan ya ƙara mata Copilot, wato mataimaki mai aiki da ƙirƙirarriyar basira.

Ta biyu, idan haya ta ƙare, manhajar takan bar mutum ya karanta takardunsa ya kuma buga su, amma ba zai iya gyara su ko rubuta sababbi ba. Rumbun intanet ɗin ma yakan koma gigabait 5 na kyauta. Ɗalibin da kuɗinsa suka yanke ana saura mako guda ya miƙa kundin bincikensa zai gane nauyin wannan sharaɗi.

Ta uku, ko da yake manhajar tana aiki ba tare da intanet ba, sai an haɗa kwamfutar da intanet kimanin sau ɗaya a kowane kwana 30 domin a tabbatar da cewa hayar tana nan. Rumbun ajiyar kuwa, wanda shi ne babban abin da ake ƙawata hayar da shi, amfaninsa kaɗan ne ga wanda kuɗin data ya yi wa tsada ko wutar lantarki ba ta wadace shi ba.

Ta huɗu, siyasar duniya tana iya shiga tsakani. A watan Oktoba na 2019, Adobe ya sanar da masu hulɗa da shi a ƙasar Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta sa wa ƙasar. Kafin ƙarshen watan ya samu izinin ci gaba da hulɗa da su, amma abin ya nuna cewa mabuɗin manhajar haya yana can wata ƙasa.

8. Hanya ta uku

Zaɓin bai tsaya a saye da haya ba. Akwai manhajojin da ake bayarwa kyauta bisa doka, kuma an bayyana rubutun umurninsu ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Fitacciya a fagen aikin ofis ita ce LibreOffice. Asalinta StarOffice ce ta wani kamfanin Jamus, wanda kamfanin Sun ya saya a 1999, ya saki rubutun umurninta a 2000 da sunan OpenOffice. A 2010 wasu daga cikin masu aikinta suka ware suka kafa LibreOffice. Tana da Writer domin rubutu, da Calc domin lissafi, da Impress domin majigi, tana aiki ba tare da intanet ba, tana kuma buɗe fayilolin Word da Excel. Akwai kuma Google Docs, wadda ta fito a 2006, da Word da Excel na kan intanet, waɗanda ake amfani da su kyauta amma suna dogara da samun layi.

Kyauta ba ta nufin rashin wahala. A 2003 birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa ga manhajojin kyauta, a 2017 kuma majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. A 2024 jihar Schleswig-Holstein, ita ma a Jamus, ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice. Abin da ke cin kuɗi a irin wannan ƙaura shi ne horar da ma'aikata, da gyara takardun da tsarinsu ya jirkice wajen sauya manhaja. Amma ga rubuta wasiƙa, da takardar jarrabawa, da jadawalin maki, manhajar kyauta ta wadatar.

Hanyar da ba ta cancanci a ƙidaya ba ita ce manhajar sata, wadda ake karya mabuɗinta a sa wa mutum da araha. Ban da saɓa wa doka, wanda ya karya mabuɗin yana da ikon cusa abin da ya ga dama a ciki, kuma mai kwamfutar ba shi da hanyar sani. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

9. Abin da ya wajaba a mallaka

Manhaja kayan aiki ce, ana iya sauya ta. Abin da ba shi da madadi shi ne aikin da aka yi da ita: rajistar ɗalibai, sakamakon jarrabawa na shekaru, alkaluman gwaje-gwaje, kundin digiri. Tunda manhajar ba ta zama mallakar mutum ta kowace hanya, hikima ita ce ya tabbatar takardunsa ba su zama fursunonin manhaja ɗaya ba.

Ana yin haka ta hanyar ajiye su a tsarin fayil da manhajoji da yawa suke iya karantawa. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da tsarin ODF a 2006, da tsarin da Word da Excel suke amfani da shi a yau a 2008, da tsarin PDF a wannan shekara ta 2008. Takardar da aka kammala, a ajiye kwafinta a PDF. Alkaluman bincike, a fitar da kwafinsu a tsarin CSV, wanda rubutu ne zalla da kowace kwamfuta take iya buɗewa.

Masu rubutu da Hausa suna da nasu darasin a nan. Kafin tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya yaɗu, akan buga haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ da wasu zubin haruffa na musamman, inda ake aron gurbin wata alama a zana harafin a kai. Idan aka buɗe irin wannan fayil a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai a ga alamomi barkatai a maimakon haruffan. Wanda ya buga su da Unicode kuwa, rubutunsa zai fito daidai a Word, da LibreOffice, da waya.

Daga ƙarshe, a ajiye kwafi uku na duk muhimmiyar takarda, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga cikinsu a wani wuri daban. Rumbun intanet yana iya zama ɗaya daga cikin ukun, amma kada ya zama shi kaɗai.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa amsar ta danganta da tambayoyi huɗu: mutum nawa za su yi amfani da manhajar, a kan na'ura nawa, shekara nawa suka rage a daina kula da bugun da ake son saye, kuma yaya ƙarfin intanet da tabbacin samun kuɗi yake a kowace shekara. Malami guda mai kwamfuta guda, wanda bukatarsa rubutu da lissafin maki ne, saye ya fi masa sauƙi idan ya sayi bugun da bai daɗe da fitowa ba, manhajar kyauta kuma ta fi duka sauƙi. Iyali mai mutum biyar ko shida da ke da wadatacciyar intanet, haya ta fi musu. Makaranta kuwa, kafin ta kashe kuɗi, ya kamata ta binciki tsarin da aka ware wa makarantu, ta kuma gwada manhajar kyauta a ɗakin kwamfutarta na zango ɗaya ta ga yadda za ta kaya. Ko wace hanya aka bi, a rubuta ranar ƙarewar wa'adi a wurin da za a gani, a kuma riƙe takardu a tsarin da wata manhajar za ta iya buɗewa.

Tambayoyi domin bita

1. Bayyana bambancin mallakar manhaja da riƙe lasisinta.
2. Wata manhaja dala 240 ce a saye, dala 80 a hayar shekara. Bayan shekara nawa kuɗin biyu za su yi daidai? Idan shekara biyu suka rage a daina kula da ta sayen, wace hanya ce ta fi sauƙi?
3. Ta wace fuska tsaron manhaja ya yi kama da allurar mura, ta wace fuska kuma ya bambanta?
4. A ɗakin kwamfuta, a rubuta MARCH1 da 3/10 da 007 a jadawalin lissafi, a rubuta abin da ya faru da kowanne. A mayar da layin na rubutu, a sake gwadawa, a kwatanta sakamakon biyu.